Yadda Ake Dakon Barewa a Maɓoya da Kan Bishiya a Amurka: Kurakuran da Ake Yawan Yi da Dabarun Jure Zama

A jihohin arewacin Amurka irin su Wiskonsin da Mishigan da Fensilbeniya, da zarar watan Nuwamba ya kama, mutane masu ɗimbin yawa kan ɗauki hutu daga wurin aiki su nufi daji domin farautar barewa mai farar wutsiya. A Mishigan lokacin farauta da bindiga yana buɗewa ranar 15 ga Nuwamba ya rufe ranar 30, a Wiskonsin kuwa kwana tara ne, ana farawa daga Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen watan. Dabbar tana kama da barewar da muka sani, sai dai ƙahon namijinta rassa-rassa ne, kuma yana zubar da shi kowace shekara wani ya sake tsirowa. Mafi yawan mafarautan ba bin sawu suke yi ba, dako suke yi: wasu a cikin rumfar ɓuya a ƙasa, wasu a kan mazaunin ƙarfe da aka ɗaure a jikin bishiya. Maharbin ƙasar Hausa da ya taɓa kwanton ɓauna a bakin mashaya ya san tushen aikin, amma sanyin can da kayan aikin da dokokin duk daban suke, kuma ɗan'uwanmu da ke zaune a ƙasar wanda abokan aiki suka gayyata karo na farko yana bukatar sanin su kafin ya amsa.

Abin da nake son a riƙe tun daga farko shi ne cewa jin daɗin zama wani ɓangare ne na farautar kanta. Wanda sanyi ya dama ba ya iya zama shiru, wanda ke motsi barewa tana ganinsa, wanda ya gaji kuma hannuwansa suka sandare shi ne yake zamewa a tsani. Kusan duk kurakuran da za su zo a ƙasa daga nan suke samo asali.

Mataki na farko takarda ce. Kowace jiha tana da dokarta, kuma tana sabunta littafin ƙa'idojin farauta duk shekara, don haka ka karanta na jihar da za ka shiga, na shekarar da kake ciki. Sai ka sayi lasisi, kuma a galibin jihohi sai ka nuna shaidar kammala kwas na koyar da mafarauta. A Wiskonsin wannan wajibi ne a kan duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa sama, in ban da wanda zai fita a ƙarƙashin kulawar ƙwararre bisa tsarin da jihar ta tanada. A lokacin bindiga dokar jihar ta ce aƙalla rabin tufafin da ke bayyane daga ƙugu zuwa sama ya zama mai launin ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda mai haske, kuma rumfar da aka kafa a filin hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar dole ta nuna ƙyalle ruwan lemo ko ruwan hoda mai faɗin inci murabba'i 144 wanda ake hangowa daga kowace kusurwa. Sababbin shiga sukan ji tsoron wannan launi zai tona su. Ba ya tonawa, domin idon barewa ba ya gane ja da ruwan lemo da kyau. Shuɗi ne yake fito mata fili, shi ya sa wandon jins ya fi rigar ruwan lemo haɗari ga mai son ɓuya.

Bayan takarda sai zaɓen wuri, kuma a nan ne ake tafka kuskure mafi girma, wato zaɓen wurin da ya yi wa mutum kyawun kallo maimakon wurin da barewa take bi. Tun makonni kafin lokaci ka zagaya dajin, ka gano inda dabbobin suke kwanciya da rana, galibi cikin duhuwa ko dogayen ciyayi, da inda suke kiwo da yamma, kamar gonar masara ko waken suya ko gindin itatuwan oak da ke zubar da 'ya'ya. Hanyoyin da ke haɗa waɗannan wurare biyu su ne abin nema, musamman inda hanya ta matse tsakanin rafi da gona ko tsakanin tudu biyu. Alamomin su ne sawu, da kashi, da ƙananan itatuwan da namiji ya goge ɓawonsu da ƙaho, da wuraren da ya tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe. Kada ka zauna a kan hanyar kanta. Ka koma gefe kamar taku ashirin idan da baka za ka yi harbi, ko fiye da haka idan da bindiga ne.

Daga nan sai iska, wadda ita ce alƙalin farautar dako. Hancin barewa ya fi idonta da kunnenta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma babu sabulu ko feshin da ake sayarwa da zai share warin mutum gaba ɗaya. Ka sa mazauninka a inda iska za ta fito daga wajen dabbar ta zo gare ka, sannan ta wuce da warinka zuwa inda ba ka sa ran komai zai fito, kamar fili ko tafki ko titi. Tunda iska tana juyawa, mai hankali yakan tanadi wuri biyu ko uku, kowanne da iskar da ta dace da shi, kuma ranar da iskar ba ta dace da wurin da ya fi so ba sai ya haƙura da shi. Wannan haƙurin yana da wuya, amma barewar da ta shaƙi warinka sau ɗaya a wani wuri takan sauya hanya ko ta koma fita da dare. A ƙasa mai tudu da kwari akwai ƙarin abu: da hantsi, idan rana ta ɗumama ƙasa, iska tana hawa tudu, da yamma kuma idan ta huce tana gangarowa kwari ɗauke da wari. Ka riƙe ƙaramar kwalbar hodar gwajin iska, kana ɗan fesawa lokaci-lokaci, domin abin da waya ta nuna ba lallai ne ya zama abin da ke faruwa a gindin bishiyarka ba.

Idan a sama za ka zauna, mazaunan iri-iri ne. Akwai mai haɗe da tsani wanda ake jinginawa a ɗaure, shi ne ya fi sauƙi ga sabon shiga, ko da yake kafa shi yana bukatar mutum biyu ko uku. Akwai wanda ake ratayawa a jikin bishiya a hau da matakalar da aka ɗaure daban, akwai kuma mai sassa biyu wanda mutum ke hawa da shi kansa, yana ɗaga na sama da hannu na ƙasa da ƙafa. Wannan na ƙarshe yana son bishiya miƙaƙƙiya marar rassa a ƙasa, mai kaushin ɓawo, kuma wajibi ne sassan biyu su kasance haɗe da igiya, don kada na ƙasa ya sulluɓe ya bar mutum a rataye. Ko wane iri ne, bishiyar ta zama rayayya mai kauri. Ka ɗaga kai ka duba matattun rassa, kuma ka yi taka-tsantsan da itacen ash, domin wani ƙwaro da aka fara ganowa a kusa da Ditroit a 2002 ya kashe miliyoyin irinsa, suna nan tsaye a daji alhali cikinsu ya ruɓe. Tsayin ƙafa 15 zuwa 20, wato kusan mita huɗu da rabi zuwa shida, ya wadatar. Wasu sukan haye sama da haka da tunanin sun fi ɓuya, amma abin da ya fi ɓoye mutum shi ne rassa ko wani kututture a bayansa da zai hana siffarsa fitowa a sararin sama.

Zan tsaya a kan batun faɗowa, domin a jihohi da dama faɗowa daga bishiya ya fi harbin kuskure jikkata mafarautan barewa, kuma raunukan sukan kasance karayar ƙashin baya ko na ƙugu ko buguwar kai. Akasarin faɗowar tana faruwa ne lokacin hawa ko sauka, ko a daidai lokacin da mutum yake taka mazaunin daga tsani, wato lokacin da mutane da yawa ba su riga sun ɗaure kansu ba. Saboda haka sanya ɗamarar tsaro kaɗai bai isa ba. Ɗamarar ta zama mai kama jiki duka, kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Tsohon salon bel na ƙugu kaɗai an daina yarda da shi, domin yana iya kifar da mutum ko ya matse masa numfashi. Sannan ka ɗaure doguwar igiyar tsira daga saman mazaunin har zuwa gindin bishiya, mai ɗauke da ƙullin Prusik, wanda ke zamewa idan ka tura shi da hannu amma ya cije nan take idan nauyi ya faɗa masa. Ka maƙala ɗamararka a wannan ƙulli tun ƙafarka tana ƙasa, kana tura shi sama da kanka kana hawa, kuma kada ka cire sai ƙafarka ta sake taka ƙasa. A kowane lokaci gaɓoɓi uku su kasance riƙe da tsani, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Idan ka isa sama, ka ɗaure igiyar ɗamarar a saman kanka ta yadda in ka zauna za ta miƙe ba tare da sako-sako ba, domin in ka zame faɗuwar ta zama gajera har ka iya komawa mazauni.

Bindiga ko baka ba a hawa da su a hannu ko a rataye a kafaɗa. Ka cire harsashi, ka ɗaure bindigar a wata igiya dabam bakinta yana kallon ƙasa, ka ajiye ta a gefen da ba nan kake hawa ba, sai ka zauna ka ɗaure sannan ka jawo ta. Ka kuma shirya wa ranar da za ka tsinci kanka a rataye. Maɗauran cinya suna matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, mutum yana iya suma, kuma jinkiri a wannan hali yana kashewa. Ɗamarori masu kyau suna zuwa da wata igiya mai madauki da ake taka ƙafa a ciki a miƙe domin sauƙaƙa matsin. Ka sa ta a aljihun da hannunka zai kai, tare da waya da usur, ba cikin jakar da ka rataye a reshe ba. Kafin ka bar gida ka gaya wa wani ainihin bishiyar da za ka hau da lokacin da za ka dawo. Mazaunin da ya kwana a daji tun bara kuwa kada ka amince masa, domin rana tana cinye igiyoyin ɗauri, kurege yana gaigayar su, bishiya tana ƙara kauri tana ja, ƙusoshi suna tsatsa. Ka sauke shi ka duba kowace gaɓa, ka gwada shi a tsayin gwiwa tukuna.

Rumfar ƙasa ta kawar da wannan haɗari, kuma ita nake ba da shawara ga dattijo da mai kai yaro da duk wanda jiri ke ɗiba a sama. Amma tana da nata kurakuran. Barewa ta san dajinta kamar yadda mutum ya san tsakar gidansa, don haka rumfar da aka kafa da asuba a tsakiyar fili abin tuhuma ce. Ka kafa ta mako biyu ko uku kafin lokaci inda doka ta yarda, ka jingina ta da duhuwa, ka lulluɓe gefunanta da rassa da ciyayin wurin. Ka share busasshen ganyen da ke cikinta har ƙasa ta fito, don ƙafarka ta motsa ba tare da ƙara ba. Cikin rumfar baƙi ne da gangan, kuma duhun shi ne mafakarka. Wanda ya buɗe tagogi ta kowane gefe don ya ga ko'ina ya mayar da kansa inuwa mai motsi a cikin haske. Ka rufe na baya, ka ɗan buɗe na gaba, ka koma can ciki ka zauna. Kujerar ta zama marar ƙara, kuma tsayinta ya dace da taga. Akwai wani kuskure da ke kama har ƙwararru: madubin saiti yana sama da bakin bindiga da kusan inci ɗaya da rabi, saboda haka ido yana iya ganin dabba sarai alhali bakin bindigar yana fuskantar gefen taga. Idan za ka kunna hita mai gas, ka bar kafar shigar iska, domin iskar kabon monoksaid mai guba da hitar kan fitar ba ta da wari, kuma alamunta na farko ciwon kai ne da jin barci, waɗanda mai dako zai ɗauka gajiya ce kawai.

Yanzu sai tufafi. Kuskuren da kusan kowa ke yi a shekararsa ta farko shi ne sanya dukkan kayan sanyi tun daga mota, ya yi tafiyar rabin sa'a ɗauke da kaya, ya isa sharkaf da gumi, sannan ya zauna. Cikin ɗan lokaci gumin ya huce a jikin fata, kuma daga nan babu rigar da za ta cece shi. Ka yi tafiyar da kaya marasa nauyi har kana ɗan jin sanyi, manyan rigunan suna ɗaure a jaka, ka tafi a hankali, ka huta a gindin bishiya jikinka ya sha iska kafin ka ƙara su. Rigar da ke manne da fata ta zama ta ulu ko ta zaren roba mai fitar da danshi. Auduga, duk da daɗinta a ƙasarmu mai zafi, tana shan gumi ta riƙe, kuma a sanyin Wiskonsin abokiyar gaba ce. A kan wannan sai riga mai riƙe ɗumi, sannan ta waje mai tare iska, wadda ba ta ƙara idan hannu ya goga.

Ƙafa ce take fara korar mutum daga bishiya. Cusa safa uku cikin takalmi ɗaya yana matse ƙafa ya rage gudun jini, sai sanyin ya ƙaru. Safa siririya ɗaya da ta ulu mai kauri ɗaya sun isa, a takalmin da yatsu ke iya motsi a ciki, kuma ka sassauta igiyarsa bayan ka zauna. Ƙarfen mazauni yana zuƙe ɗumi ta tafin ƙafa, don haka guntun soso ko darduma a ƙarƙashi yana taimakawa ƙwarai, haka ma matashin soso a wurin zama. Ga hannu, siririyar safa da jakar ɗumama hannu da ake ɗaurawa a ƙugu, da ƙunshin sinadarin ɗumi a cikinta, sun fi safa mai kauri wadda ke hana yatsa jin kunamar bindiga. Ka rufe wuya da kai da kunnuwa. Ka ci abinci mai nauyi kafin fita, ka tafi da shayi mai zafi a filas da dabino ko gyaɗa, amma ka juye su cikin ƙyalle tun a gida saboda ƙarar leda tana tafiya nesa a dajin da ya yi tsit. Idan rawar ɗari ta ƙi tsayawa, magana ta fara sarƙewa, ko yatsu suka kasa jan zif, zafin jiki yana faɗuwa ne zuwa matakin haɗari, wanda likitoci ke ƙidayawa daga ƙasa da digiri 35 na Salshiyas. Ka sauka a lokacin da hannunka yake iya riƙe tsani.

Ranar farauta ka shiga ta hanyar da ba ta ratsa wurin kiwo da asuba ko wurin kwanciya da rana, ko da ta fi nisa, kuma ka kasance zaune kafin gari ya waye. Musulmi ya duba jadawalin salla ya tsara fitarsa ta yadda zai yi asuba a ƙasa kafin ya hau. Da zarar ka zauna, ka ɗaga makaminka ka gwada saiti zuwa kowane wurin da kake sa ran harbi, domin ka gano reshen da zai tare ka ko rigar da za ta kama. Daga nan ido ne zai yi aiki kafin kai. Idanun barewa suna gefen kanta, tana ganin kusan ko'ina in ban da bayanta, kuma motsi take kamawa fiye da siffa. Ka nemi ɓangaren dabba, kunne ko ƙafa ko layin baya a kwance tsakanin itatuwa a tsaye, domin da wuya ta bayyana gaba ɗaya. Waya tana cinye damar mutane da yawa. Haka kuma sauka da wuri: a farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, lokacin barbara a jihohin arewa, maza suna yawo har tsakar rana, kuma a ranakun bindiga mafarautan da ke tashi zuwa cin abinci sukan koro dabbobi zuwa ga wanda ya daure.

Idan ta fito, kada ka ɗaga makami sai kanta ya shiga bayan itace ko ta sunkuya kiwo. In ta tsaya tana kallonka tana buga ƙafa, ka daskare. In ta yi huci ta ɗaga farar wutsiyar nan, ta tafi, kada ka bi ta da harbi a guje. Ka jira ta ba ka gefenta, ka saita bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke, bayan ka tabbatar da abin da ke bayanta. Daga sama ka yi tunanin inda harsashi ko kibiya za ta fita ta ɗaya gefen, domin dabbar da ke dab da gindin bishiya kusurwarta ta yi tsaye da yawa, ana iya samun huhu ɗaya kawai ta tafi da rauni. Mai baka ya lanƙwasa daga ƙugu maimakon sauke hannu kaɗai, in ba haka ba kibiyar takan tashi sama. Musulmi ya ambaci sunan Allah a lokacin saki, kuma in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta.

Bayan harbi ka zauna. Ka lura da inda take tsaye da itacen ƙarshe da ka ga ta wuce, domin daji yana sauya kama idan ka sauko. Ka jira aƙalla rabin sa'a, in kuwa kana zargin a tumbi ka same ta, ka ba ta sa'o'i da yawa, domin dabbar da aka bari takan kwanta kusa, wadda aka kora kuwa takan yi nisan da ba a samun ta. Wannan jiran yana ba jikinka damar daina rawa kafin ka taka tsani. Ka cire harsashi, ka zura bindigar ƙasa da igiya, ka sauko a maƙale da igiyar tsira. Idan ka samu dabbar, ka yi mata rajista yadda jihar ta tsara, ka sa safar roba wajen feɗewa, kuma a yankunan da ake da cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka gano a Wiskonsin a 2002, ka kai samfur a gwada kafin iyali su ci naman. Da ka koma gida ka duba jikinka da kyau, musamman hammata da bayan gwiwa da cikin gashi, saboda kaskar barewa mai yaɗa cutar Laim takan ci gaba da yawo a kaka muddin ƙasa ba ta daskare ba.